Shirun Ajin Ingilishi, Daga Tasawa Zuwa Mayahi

Yaron da ya shiga kwaleji a Tasawa ko Mayahi, tun daga ajin farko, wato siziyam, ake fara koya masa Ingilishi. In Allah ya sa bai faɗi ba, bai kuma watsar da karatun ba, shekara huɗu zai yi kafin jarrabawar Birebe, ya ƙara uku a lise kafin Bak. Bakwai ke nan. Amma tare shi a bakin hanya ranar da ya gama tarminal, ka tambaye shi da Ingilishi ina ya nufa, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana murmushi yana sosa ƙeya. In kuwa takarda da biro ka miƙa masa, zai cika maka shafi da ƙa'idojin nahawu ba tare da ya ɗaga kai ba. A tashar motar garin nan kuma ga yaran mota waɗanda ba su taɓa zama a kan benci ba, rani biyu a Kano ko Legas ya ishe su su yi ciniki da Ingilishin kasuwa, su yi rigima da shi, su kuma shirya da shi.

Mutane kan ce ƴan lakwal ɗin yanzu ne ba su da ƙoƙari. Ni dai ban yarda ba. Na zauna a irin wannan aji a ƙarshen shekarun 1980, kuma mu ma bakinmu a rufe yake. Abin da ya sauya tsakanin jiya da yau ba shirun ba ne, abin da ke sa shirun ne ya sauya.

Tushen maganar ya girme mu duka. Mutanen Tasawa da na Katsina dangi ne. Bayan jihadi sarautar Katsina ta dā nan arewa ta yo ƙaura, ta kafu a Maraɗi da Tasawa. A watan Yulin 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta iso wannan yanki bayan ta ƙona garuruwa a hanya. A Dankori suka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, bayan kwana kaɗan su ma sojojinsu suka kashe su, kaburburansu na nan a Maijirgi. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, ɗan'uwa ya faɗa hannun Ingila, ɗan'uwa ya faɗa hannun Faransa. A can kudu, makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. A nan wajenmu kuwa, Faransanci ne tun daga ranar da yaro ya taka ƙofar aji. Tasawa ce ma mazaunin kwamandan Faransawa na yankin har zuwa 1927 da aka mayar da shi Maraɗi. Shi ya sa har yau ɗan Korgom ko Hawandawaki, wanda iyakar Najeriya ba ta yi masa nisa ba, sai ya bi ta harshen Faris kafin a nuna masa harshen da ake aikin gwamnati da shi a Daura.

Mu a zamaninmu, kafin mu iso kwaleji an riga an gama koya mana tsoron baki. Duk wanda ya yi firamare a wancan lokaci ya san sambol. Wani abu ne, ƙashi ko guntun itace da aka ɗaura wa igiya, wanda duk yaron da aka kama yana Hausa a harabar lakwal sai a rataya masa a wuya. Ba shi da mafita sai ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa. Wanda abin ya kwana a wuyansa, shi da bulalar mushe, wato malami. An ce wai don mu iya Faransanci ne. Abin da muka iya na gaskiya abu biyu ne: cewa buɗe baki a lakwal yana jawo duka, da kuma cewa na kusa da kai a benci ɗan leƙen asiri ne mai jiran ka yi kure. Shekara shida ana dasa wannan a zuciyar yaro, sannan a kai shi siziyam, wani sabon mushe ya shigo da fara'a ya ce to, yau kowa ya saki jiki ya yi magana da harshe na uku. Ina!

Ba zan ce ba mu da gata ba. Muna da shi, fiye da na yau nesa ba kusa ba. Kwalejoji ba su da yawa, a manyan garuruwa kawai suke, waɗanda suka ci jarrabawar shiga kuma ƴan kaɗan ne. Gwamnati na ba da littafi da kaye, ɗan ƙauye na samun ɗan kuɗin tallafi. A wasu kwalejojin ma Ba'amurke ne ke koyarwa, domin tun 1962 ƴan sa-kai na Peace Corps suka fara zuwa Nijar, kuma rukunin farko malaman Ingilishi ne. Daga baya aka samu littafin English for the Sahel, wanda aka tsara domin yaran ƙasar nan, da sunaye da garuruwa irin namu a ciki. Duk da haka, in ka wuce ta bayan tagar ajinmu abin da za ka ji shi ne murya arba'in suna amsa wa mushe a tare, kamar masu amshin waƙa. A cikin taron kowa jarumi ne. Da zarar mushe ya nuna mutum ɗaya da alli ya ce ya tashi, sai aji ya yi tsit, wanda aka nuna ya dinga kallon ƙasa yana addu'ar ƙararrawa ta kaɗa. Masu cewa a dā ƴan kwaleji na zuba Ingilishi, su tuna da kyau: mutum biyu ne ko uku a kowane aji, yawancinsu kuma suna da kawu a Kano ko yaya a Zariya da suke zuwa hutu wurinsa.

Sai shekarun 1990 suka zo da nasu. Albashi ya yi ta maƙalewa wata da watanni, malamai na yajin aiki, ɗalibai na yajin karatu, har aka yi shekarun da aka soke karatun gaba ɗaya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihun talaka. A ƙarshen shekarun ne aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantiragi, sannan shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya buɗe ƙofar lakwal ga ƴaƴan ƙauye. Wannan alheri ne, kada wani ya ce na raina shi. Yau ɗan Kanambakashe ko Cake ko Gidan Amumun ko Urafan ba lalle sai ya bar gida ya tafi babban gari ba kafin ya ga kwaleji, kuma ɗiyan manoma da a zamaninmu ko mafarkin siziyam ba su yi, ga su nan a ciki. Ƙidayar 2012 ta nuna Mayahi da Tasawa kowace ta haura mutum rabin miliyan, yawancinsu yara. Yaran sun zo. Azuzuwa da littattafai da malamai ne ba su zo daidai da su ba.

A yi lissafin da kowane malami ya sani. Ɗauki aji mai ɗalibi tamanin, abin da ba baƙo ba ne a siziyam. Darasi awa ɗaya ne. A cire kiran suna da tsawatarwa. Tun da babu littafi a hannun kowa, dole mushe ya rubuta darasin a allo, yara su kwafa, kuma yaron da ke kwafar harshen da bai sani ba harafi-harafi yake ɗauka. In an yi sa'a minti ashirin ya rage. Raba shi ga mutum tamanin, kowa ya tashi da daƙiƙa goma sha biyar, in har mushe ya yi shiru ke nan bai ce komai ba. A gaskiya ba a ma rabawa. Na benci na gaba su biyar ko shida ne ke ɗaga hannu kullum, sauran ƴan rakiya ne. Akwai yaran da za su yi shekara cur ba a ji muryarsu da Ingilishi ba ban da gaisuwar safe da aji ke yi a tare.

Ga kuma ajin zana. Ba a kafa shi sai an yi girbi an samu kara, ko da yake tun watan Oktoba ake cewa an koma karatu. Ruwan farko kuma na sauka, ya tashi aiki. Shekarar karatu ta guntule ta kai da ƙafa. Bango babu, don haka malamin da ya sa ɗalibansa hira sai na maƙwabta ya leƙo ya ce ana hana shi aiki. Ba na so in wuce wannan batu ban ambaci gobarar watan Nuwamban 2021 a Maraɗi ba, wadda ta cinye yara fiye da ashirin a irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙansu. Wanda ke karatu a cikin kara, matsalarsa ta wuce ta furuci.

Amma babban abin da nake ganin ya bambanta shirun yau da namu shi ne Faransancin kansa. Mu da tsiya da bulala mun fito firamare muna jin sa, saboda haka in mushe ya fassara mana Ingilishi da shi, muna kama zaren. Yau fa? Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƴan ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya samu cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin karatu da ake buƙata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya gyaru zuwa kusan uku cikin goma. To sauran bakwan fa? Da yawansu suna nan zaune a siziyam. Mushe ya faɗi jimla da Ingilishi, ba su gane ba; ya fassara da Faransanci, nan ma ba su gane ba; ga Hausa a bakinsa, ga ta a bakinsu, amma kowa na jin kamar laifi ne a taɓa ta. Ana ɗora soro a kan ginin da bai bushe ba. Har wajen furuci abin na bin yaro: ya sha wuya ya koyi yadda ake karanta haruffa da Faransanci, yanzu ga haruffan nan dai amma an ce ba haka ake faɗinsu ba. In ya karanta yadda ya saba, aji ya kwashe da dariya.

Dariyar nan ba ƙaramin abu ba ce, kuma manya kan manta zafinta. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya yi kuskure ɗaya a gaban aji, kafin a tashi kuskuren ya zama sunansa, a bi shi da shi har filin ƙwallo, har unguwa. In kuma ya dage ya gyara harshe ya faɗi daidai, wata tsokanar ce ke jiransa: "Kai, ji Bature! Iyayi dai." Ko ta ina ba riba, shiru ya fi sauƙi. A gida kuma an tashe shi a kan cewa yaro ba ya kallon idon babba, ba ya yi masa gardama, baki shi kan yanka wuya. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ajin harshe kuwa, inda ake so ka tambayi malami, ka ce ba ka yarda ba, ka faɗi ra'ayinka, sai ta zama dabaibayi.

Na mata ya ninka. Yarinyar da ta kai tarwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, budurwa ce, sa'o'inta da yawa suna ɗakin miji. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mata 76 cikin ɗari a Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa 89. Wadda ta tsira ta zauna a aji ta san idon gari na kanta. An ce mata tun tana ƙarama, "Ke, mace ba ta ɗaga murya cikin maza." Yanzu ga namijin malami ya ce ta miƙe tsaye, a gaban samarin da wataƙila wani cikinsu ke zuwa zance ƙofar gidansu, ta lanƙwasa harshe ta yi hirar saye da sayarwa da wani ƙato. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi maganar da ko ta kusa da ita ba ta ji. Mushe ya ce, "Ɗaga murya!" ta ƙara nutsewa. Ya gaji ya ce ta zauna. Duba kayenta kuwa, sau da yawa ya fi na mazan tsabta da daidai. Dokar watan Disamban 2017 ta ce a kare karatun ɗiya mace, an kuma fara gina makarantun kwana na ƴan mata. Wannan na riƙe ta a lakwal, amma riƙewa daban, jin muryarta daban.

Duk da haka ba na so a ɗora wa kunya laifin da ba nata ba. Yaran nan ne fa a makarantar allo kowa ke rera karatunsa da ƙarfi, ba mai jiran a nuna shi. Su ne ƴan matan da ke gaɗa a dandali, masu tallan da muryarsu ke ƙetare layi uku. Wanda ya ga wasannin kwaikwayon samariya a zamanin Janar Seyni Kountché ya san mutanen ƙasar nan ba bebaye ba ne a gaban taro. In bakin da ke zuba a ko'ina ya zo wuri ɗaya ya ɗinke, wurin za a bincika.

Malamin ma ɗan wannan aji ne, a nan ya tashi. Akwai ƙwararru da suka fito sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Damagaram, na san da su, suna kuma ƙoƙari. Amma a kwalejin ƙauye sau da yawa wanda aka samu shi ake ba allin: ɗan bautar ƙasa, ko ɗan kwantiragin da wani fanni ya karanta, wanda kuɗinsa na wata sai ya yi tafiya ya bi layi kafin ya gan su. Shi kansa bai taɓa yin hirar minti goma da Ingilishi ba, yana tsoron kada yaro ya jefo tambayar da za ta kunyata shi. Nahawu a allo shi ne mafakarsa, a nan ba mai kama shi. Kuma ko ya so yin wani abu daban, ya san makin da ke kai yaro aji na gaba yawancinsa daga rubutu yake fitowa. Iyaye kuma sakamakon Birebe suke tambaya. Ƴan Peace Corps da a dā ake jin harshen daga bakinsu sun tattara sun tafi tun watan Janairun 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai.

Abin mamaki, a daidai lokacin da aji ke ƙara yin shiru, Ingilishi ya cika gari. A zamaninmu in ba a aji ba, sai wanda ya murɗa rediyo ya kamo wata tasha mai nisa. Yau yana cikin wayar kowa, yana cikin finafinan Kano da ƴan wasa ke tsarma shi, yana kan kwalin magani da buhun taki da ake shigowa da su ta Jibiya, yana cikin sharhin ƙwallon Ingila da samari ke kallo a gidan kallo. Tun 2013 akwai jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi da ke koyarwa da shi. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ko rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har watan Maris na 2024, ya nuna wa kowa yadda cikinmu ke haɗe da na kudu. Ba a buƙatar yi wa ɗan Tasawa wa'azi kan amfanin Ingilishi, ya fi mai wa'azin sani.

Sai dai akwai wani girman kai da muka gada. Yaron da iyayensa suka zauna Najeriya suka dawo, wanda shi ne kaɗai bakinsa ke motsi a ajin, maimakon a mai da shi jagoran hira sai a ce masa, "Wannan buroka ce, ba Ingilishi ba ne." Daga ranar shi ma ya bi sahun masu shiru. Alhali kuwa ɗalibanmu da ɗan Katsina da ɗan Legas za su yi hulɗa, ba da Sarkin Ingila ba. A bari bakin ya buɗe tukuna, gyara ya biyo baya.

A ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki ne. A watan Maris ɗin ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar abin, kuma masu magana da sauran harsunanmu suna da hujjar yin tambaya. Amma ga malamin Ingilishi a garin Sarkin Hausa ko Maijirgi, inda kusan duk ajin Hausa suka sha a nono, ma'anar a fili take: ba sauran dalilin zagayawa ta Faransanci. Ba ma sabon abu ba ne, tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan gida gurbi a makaranta.

Don haka kirana ga malamai da masu duba aikinsu a gundumomin nan biyu ba na neman kuɗi ba ne, tun da na san babu. In yaro bai gane ba, a fassara masa da Hausa cikin numfashi ɗaya a koma kan Ingilishi. A haɗa yara bibbiyu, mace da mace in haka zai sa ta saki jiki, kowa ya juya ga na kusa da shi; minti goma na wannan ya fi wata guda na ɗaga hannu, in kuma ƙara ta dami maƙwabta, inuwar dogon yaro na nan a harabar kowace lakwal. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya shi za a tsawatar wa, ba wanda ya yi kuskure ba. Sannan ku masu tsara jarrabawar aji, ku ba magana makinta cikin ashirin kamar yadda kuke ba rubutu, a kowane zango, ya shiga takardar sakamakon da ake kai wa iyaye, tun daga siziyam.